Yadda makarantar kuɗi ta mayar da ni gaban allo

An haife ni a wani ƙauye na ƙasar Adar, tsakanin Keita da Buza, inda dutse ya fi ƙasar noma yawa. A garinmu yaro in ya kai shekara 15, hankalinsa yana kan hanya. Da an gama yankan gero an zuba a rumbu sai maza su ɗaure kaya, wasu su nufi Abijan, wasu Kamaru, wasu Libiya. Yayyena biyu haka suka yi. Ni kuwa da aka zo ɗaukar yara lakwal, mai gari ya ce kowane gida ya ba da ɗaya, sai mahaifinmu ya ba da ni don ni ne ban isa riƙe hauya ba tukuna. Na gama firamare a garinmu, na yi kwaleji a gidan wani ɗan'uwan mahaifiyarmu, na samu BEPC, takardar gama kwaleji. Mahaifinmu ya rasu a shekarar, saboda haka maganar lise, makarantar da ake wucewa bayan kwaleji, ba ta taso ba. Na shiga makarantar horon malamai ta Kawusan da ke Tawa, na yi shekara biyu, na fito da takardar koyarwa, aka ɗauke ni kwantaragi, wato malamin gwamnati da bai zama cikakken ma'aikaci ba tukuna.

Aka tura ni wani ƙauye can arewacin jihar Tawa, inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Ajina na zana ne da kara, kowace shekara sai an jira an gama girbi kafin iyaye su samu karan da za su kafa shi, saboda haka makarantar da ake buɗewa a Oktoba mu ba ma zama sosai sai Nuwamba ko Disamba. Ruwan farko na ƙarshen Mayu kuma shi ke rufe ta. Yara suna zaune bisa buhu, aji biyu a rumfa ɗaya, littafin karatu ɗaya tsakanin yara biyar ko shida. Kuɗin wata jika 75 ne, kuma yakan makara, in ya fito ma sai ka biya mota zuwa birni ka karɓo shi, kwana biyu ko uku aji yana rufe. Duk da haka ina son aikin, kuma har yau ina ganin girman malaman da ke riƙe da irin waɗannan makarantu. Ba don su ba, da ni kaina ban san baƙi ba.

A can na yi aure, a can Allah ya ba mu ɗiya mace. Tana da wata bakwai hannuwanta da ƙafafunta suka fara kumbura, ta yi ta kuka dare da rana ba a san abin da ke damunta ba. Aka ce haƙori, aka ce iska, aka ce maye. Sai da muka kawo ta Tawa aka yi gwajin jini aka ce mana sikila ce, wadda mutanenmu ke kira emasi. Aka gwada ni da uwarta, ashe dukkanmu muna ɗauke da rabin ciwon ba mu sani ba. Likita ya zaunar da mu ya faɗa mana abin da ke tada ciwon: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓin sauro, da duk wata cuta mai sa zafin jiki. Ya ce a ba ta ƙwayar ƙarin jini kullum, a yawaita ba ta ruwa, ta kwana cikin gidan sauro, kuma in jikinta ya yi zafi ko idonta da tafin hannunta suka yi fari kada a kwana da ita gida. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai, don daga inda nake aiki zuwa inda za a iya yi wa yaro ƙarin jini tafiyar yini ce, in an samu motar.

Na rubuta takardar neman a maido ni kusa da birni. Irin wannan takarda dubbai ne ke rubuta ta kowace shekara, kuma kowa da uzurinsa. Ban samu ba.

Sai ga shekarar 2021. Ranar 21 ga Maris aka kai hari ƙauyukan yankin Tiliya, hukumomi suka ce mutum 137 aka kashe. Garin da nake ba ya cikin waɗanda aka taɓa, amma tun daga ranar barci ya ƙaurace wa kowa. Da an ji ƙarar babur daga nesa sai yara su miƙe tsaye su dube ni, ni kuma ba ni da abin da zan ce musu. Iyaye suka fara kwashe iyalansu. Aji mai yara fiye da 70 ya koma bai kai 20 ba. A cikin wannan hali ciwon yarinyar ya tashi cikin dare, muka ɗora ta bisa amalanke zuwa garin da ke da ɗan ɗakin shan magani, daga can aka samo mota da asuba. Da muka iso Tawa jininta ya yi ƙasa ƙwarai, aka ƙara mata. Ina tsaye bakin gado ina kallon jinin yana sauka ɗigo ɗigo, a nan na yanke cewa ba zan sake kai ta daji ba, ni kuma ba zan zauna can in bar su su kaɗai ba.

Yanke shawara a zuciya daban, faɗa wa uwa daban. A ƙauye ɗan kwantaragi ma'aikacin gwamnati ne, kuma kowa yana sa rai wata rana za a ba shi lamba ya zama cikakken ma'aikaci mai fansho. Na je garinmu na durƙusa gaban mahaifiyarmu na ce, “Inna, zan bar aikin nan.” Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “Ɗan nan, abin da ubanka ya bar maka ke nan, ba gona ba shanu. In ka sake shi me za ka kama?” Na ce ban sani ba, amma yarinyar ba za ta rayu a can ba. Ta ce, “To, rai ya fi aiki. Allah ya yi maka zaɓi.” Na fito ina jin kamar na zubar da duk shekarun da aka yi ana wahala da ni.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi ɗaci a rayuwata. Muka kama ɗaki guda a unguwar Wadata. Wani ɗan garinmu ya ba ni babur ina kabu-kabu, kullum da dare in kai masa balas ɗinsa, abin da ya rage mu ci. Aikin halal ne, ba na raina shi, amma duk ranar da na ɗauki yaro mai jakar lakwal na sauke shi bakin ƙofar makaranta, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Nakan ja hulata in rufe fuska kada abokan karatuna su gane ni. Yayana ya kira ni daga Libiya ya ce zai aiko kuɗin mota, in biyo ta Agadas in same shi. Na kusa amsawa. Maiɗakina ce ta ce, “Malam, ka bar daji don kada ka yi nesa da ita, yanzu kuma za ka tsallake hamada?” Ban sake tada maganar ba.

Wata rana na ɗauki wani dattijo, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, muna tafe muna hira ya gane daga bakina cewa na taɓa koyarwa. Ya ce, “Mushe, kai da takardarka a hannu kake yawo bisa babur? Makarantun kuɗi suna neman irinku, wanda ya yi horo kuma ya riƙe aji.” Shi ya faɗa mini lokacin da ake nema, wato Agusta da Satumba, kafin a buɗe makarantu, da abin da ake haɗawa: takardar neman aiki da hannu, kwafin difloma da aka buga wa hatimi, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba ka da laifi wadda ba ta wuce wata uku ba, takardar likita, da hotuna. Ya ƙara da cewa mai koyarwa a makarantar kuɗi yana buƙatar izinin koyarwa daga hukumar ilimi, kuma makarantar kirki ita ke taimaka wa malaminta ya shigar da dosiyen. Na haɗa kwafi da yawa na bi makarantu ina ajiyewa.

Inda aka fara kirana, darasin gwaji aka ba ni. Wannan shi ne ainihin jarrabawar shiga, ba takardu ba. Ana ba ka aji da darasi, wani lokaci da yamma don gobe, wani lokaci minti 30 kafin ka shiga, darekta ya zauna a baya da biro. Abin da yake dubawa sananne ne ga duk wanda ya yi horo: ko ka zo da fish, wato takardar shirin darasi, a rubuce, ko ka fara da tuna wa yara abin da suka sani, yadda ka raba allo, ko rubutunka yana karantuwa daga bencin ƙarshe, ko kai kaɗai kake magana ko kana sa yara aiki bisa allunansu, da ko ka bar minti biyar na ƙarshe don gwada abin da suka gane. Masu faɗuwa galibi ba rashin sani ke kada su ba, cika darasi da surutu ne har lokaci ya ƙare ba a yi aikin gwaji ba. Na shiga ajin hannuna yana rawa, amma da na kama alli na juya ga allo sai jikina ya tuna aikinsa.

An ɗauke ni, da baki kawai. Mai makarantar ya faɗi albashi, na amsa, muka yi musabaha. Shekarar ta tafi lafiya har ƙarshen Yuni, sai aka ce mana sai Oktoba in Allah ya kai mu. Yuli, Agusta da Satumba babu ko dala, kuma su ne watannin damina, lokacin da sauro ya fi yawa, lokacin da mai sikila ya fi kwanciya likita, lokacin da hatsi ya fi tsada. Na koma bisa babur wata uku. Ba ni kaɗai ba, haka tsarin makarantu da yawa yake: iyaye suna biyan kuɗin wata tara, mai makaranta yana biyan malamai wata tara.

Saboda wannan nake son duk mai shirin shiga aikin nan ya san cewa kashi biyu ne. Akwai malamin dindindin, wanda ake biya a wata, galibi shi ne mai riƙe da aji a firamare ko jardan, ajin ƙananan yara na kafin firamare. Akwai kuma mai aikin awa, wanda ake kira bakater, ya fi yawa a kwaleji da lise: yana sa hannu a rajista duk awar da ya koyar, ƙarshen wata a ƙirga a biya shi. Lissafin awa yana da daɗin ji a baki. A ce an yi da kai 1,500 kowace awa, an ba ka awa 18 a mako, ka ga jika 27 ke nan a mako, jika 108 a wata mai mako huɗu cikakku. To amma wata nawa ne ke cika? Hutun ƙarshen Disamba zai cire kusan mako biyu, hutun Maris ko Afrilu haka, ga ranakun salla, ga Mauludi, ga ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba, ga makon jarrabawa da wasu makarantu ba sa ƙirga shi a matsayin koyarwa. Ranar da ka kwanta ciwo ba a biya. A 2020 da cutar korona ta sa aka rufe makarantu daga Maris har farkon Yuni, abokan aikina masu awa sun ba ni labarin yadda suka sayar da kayan ɗaki. A 2024 kuma ambaliyar ruwa ta sa aka ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba, na gani da idona yadda wata guda ya tafi musu a banza. Wanda zai yi aikin awa ya haɗa kuɗin shekara duka ya raba 12, wannan shi ne albashinsa na gaskiya. Aikin awa ya fi dacewa da wanda ke da wani albashi a gefe, ko ɗalibin jami'a mai neman na sabulu.

Da na tashi neman makaranta ta biyu, na san tambayoyin da zan yi tun kafin in zauna da kyau. Wata nawa ake biya a shekara, 9, 10 ko 12? Ran nawa ga wata kuɗi ke fita? Akwai kwantaragi a rubuce da za a ba ni kwafinsa? Za a rubuta ni a asusun ma'aikata na CNSS? Yara nawa ne a aji? In ɗana yana karatu a nan, nawa ake rage mini? Amsar mai makaranta kaɗai ba ta isa ba. Ka tsaya wurin mai shayi ko mai gadi ka tambayi shekarun da tsofaffin malamai suka yi a wurin. Makarantar da kowane Oktoba sababbin fuskoki ne, akwai abin da ke korar mutane. Wadda ka samu malami ya shekara bakwai ko goma a cikinta, ka shiga da kwanciyar rai.

Maganar CNSS kada a ɗauke ta da wasa. Ana cire 5.25 cikin 100 na albashin ma'aikaci, mai makaranta kuma ya ƙara nasa kason da ya fi wannan yawa, shi ya sa wasu ba sa son rubuta malamansu. Da wannan rajista ce ake samun kuɗin iyali, da diyya in an yi haɗari a bakin aiki, da fansho in an tsufa. Akwai inda ake cire kuɗin a takardar albashi amma ba a kai shi ba, saboda haka ka nemi lambarka, ka je ofishinsu da kanka lokaci lokaci ka duba ko ana zubawa. Ka kuma sani cewa tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne, malamin da ke yini a aji bai kamata a ba shi ƙasa da haka ba, ko a jardan yake. Takardar albashi ta kowane wata ka adana ta, ko guntuwar takarda ce mai hatimi, don in rigima ta kai gaban sufeton ƙwadago ita ce bakinka.

Makarantar da nake yanzu wata Hajiya ce ta kafa ta, tsohuwar darekta. Ranar da na jera mata tambayoyina ta saurara har na gama, ta ce, “Mushe, wanda ya san haƙƙinsa shi ke sanin haƙƙin yara.” Ta ba ni kwantaragin da ake biya wata 12. Abin da nake karɓa a wata bai kai wanda makarantar farko ta ba ni ba, amma in an haɗa shekara ya fi shi, kuma damina ba ta same ni hannu wofi ba.

Amfani na farko da na samu, wanda ya fi kowane a wurina, shi ne ni na zaɓi garin da zan yi aiki. Babu mai tashi da safe ya tura ni wani wuri. Daga ajina zuwa likita minti kaɗan ne bisa babur. In ciwon yarinyar ya tashi ana kirana, darekta ya tsaya a ajin, in kai ta in dawo. Wanda ke da mara lafiya a gida, ko tsofaffin iyaye, ko mace mai aure da mijinta ke aiki a birni, ya san darajar wannan.

Na biyu shi ne yawan yara. Ina riƙe da ajin CP, wato aji biyu na firamare, yara 34. Wanda bai taɓa koyar da karatu ga yara 70 a rumfa ba ba zai gane bambancin ba. A awar karatu ta safe ina iya sa kowane yaro ya karanta layi biyu da bakinsa, in ji inda yake tuntuɓe. Ina da kaye guda da na ware, kowane yaro da shafinsa: wannan yana rikita b da d, wancan yana haddace shafi ne ba ya karantawa, in ka nuna masa kalmar a wani wuri sai ya tsaya. Irin wannan na biyu shi ya fi haɗari, don a babban aji yana wucewa har CM1, aji biyar na firamare, ana zaton ya iya. Maganinsa a rufe hoton da ke shafin, a rubuta gaɓoɓin a allo a hargitse, a sa shi ya haɗa da kansa. Yaran da suka rage baya nakan ware su shida ko bakwai, minti 20 bayan an tashi, sau uku a mako, kafin hutun Disamba yawancinsu sun kamo sauran. Kaye 34 ina gama gyara su a ranar, yaro ya ga kuskurensa tun bai manta aikin ba. Ga benci, ga littafi a hannun kowa, ga ɗaki na siminti da ƙofa da taga. Bayan gobarar da ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda ƙananan yara suka rasu, duk wanda ya taɓa koyarwa a cikin kara ya san abin da ginin siminti yake nufi.

Na uku, ana duba aikinka, kuma wannan alheri ne ko da yake da farko yana da nauyi. Kowace Litinin da safe fish ɗin darussan mako suna bisa teburin darekta ya sa hannu. Yana shiga aji ba sanarwa, ya ɗauki kaye uku ko huɗu ya ga ranar da aka yi gyara na ƙarshe. Ƙarfe takwas saura kwata kana cikin makaranta, in ka makara an rubuta. A daji nakan yi shekara ban ga mai ba da shawara kan koyarwa ba, ba don ba ya so ba, nisa da rashin abin hawa ne. A nan cikin shekara biyu na gyara abubuwan da ban san ina yin su a karkace ba, musamman koyar da lissafi: ina gaggawar kai yara ga lambobi a allo tun ba su ƙirga da tsakuwa da ƴan sanduna sun ƙoshi ba. Kuma da yake shekara tana tafiya daga Oktoba zuwa Yuni ba yankewa, kana gama manhaja, ka ga amfanin aikinka a jikin yara.

Sai kuɗi da ke zuwa a ranarsa. Namu yana fita kafin 5 ga wata. Albashin da ka san ranarsa, ko kaɗan ne, ana iya gina rayuwa a kansa: mai gidan haya ya yarda da kai, mai kanti ya ba ka buhun shinkafa, ka shiga adashe. Mu malamai goma muke zuba jika 10 kowane wata, da kwasata ta farko na sayi babur nawa na kaina. Ɗiyata kuma tana karatu a makarantar da rabin kuɗi, a ajin da malamarta ta san ciwonta, ta san a bar ta ta sha ruwa ta fita bayi duk lokacin da ta nema, kada a tsayar da ita a rana, kada a sa ta gudu, kuma lokacin hunturu a zaunar da ita nesa da taga.

Darasin gida ma ta nan ƙofarsa take buɗewa, don iyayen da ke biyan makaranta su ne masu neman mai bitar karatu. Ina da gidaje biyu da nake zuwa bayan la'asar. Shawarata a nan, kada ka ɗauki yaron ajinka, don duk makin da ka ba shi za a ce saye aka yi, kuma wasu makarantu sun hana. A yi ciniki a wata, a faɗi ranaku da awa tun farko, kada a wuce gida biyu ko uku. Na ga malamai da suka tara gidaje har suna shiga aji da safe ba su shirya komai ba, ƙarshenta suka rasa aikin da ya kawo musu gidajen.

Zaman birni ya ba ni abin da na ɗauka ya wuce ni har abada. Abokan aikina na ɓangaren lise suka riƙa ba ni darasi da dare kyauta, na shiga jarrabawar BAC, ta gama lise, a matsayin mai zaman kansa, Allah ya ba ni sa'a. Yanzu na rubuta sunana a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, ina zuwa gwargwadon yadda aiki ya bari.

Akwai abin da ke ci mini rai a aikin, ba zan ɓoye ba. A makarantar kuɗi uba yana ganin kansa mai saye ne, wani kuma yana zaton maki ma yana cikin abin da ya biya. Wani Alhaji ya taɓa zuwa da takardar sakamakon ɗansa ya ce, “Mushe, ina biyan kuɗi mai yawa, yaya za a ce ɗana ne na 28?” Na ce, “Alhaji, ku zauna ku ji karatunsa da kunnenku.” Na kira yaron na buɗe shafin da bai taɓa gani ba. Uban ya saurara, fuskarsa ta sauya, ya ce to me za a yi. Muka tsara aiki, yaron ya gyaru. Na iya yin haka ne don na san mai makarantar tana bayana. A inda mai makaranta ke tsoron kada a cire yaro a rasa kuɗinsa, malami ake sa wa ya ƙara maki, kuma ranar BEPC gaskiya take fitowa. Kariyar malami ita ce shaidarsa: kayen gwaji, takardun jarrabawa da aka gyara, da rajistar maki da ba a kankare ba. Sannan aikin ba shi da tabbacin na gwamnati. In yara suka ragu ana haɗe aji biyu a sallami malami ɗaya, in mai makaranta ya rasu magada suna iya sayar da filin. Shi ya sa in ƙaramin malami ya tambaye ni, ba na ce masa ya bar kwantaragin gwamnati haka kawai. Wanda ba shi da larura irin tawa, kuma yana kusa da samun lamba, ya yi haƙuri ya jira. Wanda kuwa zama ya gagare shi, ko ya gama makaranta yana zaune ba a ɗauke shi ba, ya haɗa takardunsa tun Agusta ya bi makarantu.

Ɗiyata yanzu tana firamare. Ciwon bai bar ta ba, ba ya kuma barin mai shi, hunturun bana ma mun kwana likita da ita. Amma ba a sake kai ta a makare ba. Mun samu ƙaninta, an gwada shi tun yana jariri, shi bai ɗauko ba. Mahaifiyarmu ta dawo wurinmu da zama saboda ciwon ƙafa, kuma duk wanda ya zo daga garinmu neman magani a gidana yake sauka. A taron iyaye na farkon shekara Hajiya takan ba ni minti biyar in yi magana kan gwajin jini kafin aure, iyaye da yawa sun zo daga baya suna tambayar inda ake yi. In na samu lisans, digirin farko na jami'a, ina so in koma ɓangaren kwaleji in koyar da Faransanci, mun riga mun yi maganar da Hajiya, ta ce in kawo takardar.